Wane Littafi Ne Zai Fi Yawa? Hasashe A Kan Musayar Littattafai Ta Goron Salla A Ƙasar Ruma

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, mu ɗalibai da muka fito daga ƙasar Ruma, watau Batsari da Safana da ƙauyukan da ke kewaye da su, muna zaune muna hira bayan sallar lisha, sai wani daga cikinmu ya kawo wata shawara. Ya ce in Allah ya kai mu Ƙaramar Salla, maimakon 'yan kuɗin goron Salla da muka saba miƙa wa juna, kowa ya sayo littafi guda. Za a rubuta sunayenmu a 'yan takardu, a zuba cikin hula, kowa ya ɗauki ɗaya a ɓoye, wanda sunansa ya faɗo hannunka shi za ka yi wa kyauta. Aka yanke iyakar kuɗin da ba za a wuce ba, aka kuma ce 'yan'uwanmu mata da ƙannenmu na sakandare su ma su shigo. Shawarar ba ta sha wata suka ba. Inda gardama ta kaure shi ne da wani ya tambaya: to, ranar da aka kwance ƙunshin nan, wane littafi ne zai fi yawa?

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan tambaya. Da farko za a ɗauka wasa ce, amma duk ɗalibin adabi da ya tsaya ya dube ta zai ga ta taɓo wani gurbi a cikin karatunmu. Kullum a aji mukan ce littafi kaza ya shahara, ko ya karɓu ga jama'a, alhali da wuya mu kawo hujjar da ta wuce cewa haka muka ji malamanmu suna faɗa. Na ga ya dace in rubuta nawa hasashen tun kafin ranar ta zo, tare da dalilaina, domin in na yi kuskure a san inda ƙafata ta zame.

Littafi a cikin tsarin kyautar Bahaushe

Kafin a yi maganar littafi sai an yi maganar kyautar kanta. Bahaushe bai tara kyauta a ƙarƙashin suna guda ba. Akwai tsaraba, wadda matafiyi ke kawowa. Akwai toshi, na saurayi da budurwa. Akwai gudummawa ta biki, da tukwici na ɗan aike, da kuɗin shara na taubasai a watan Cika-ciki, sa'an nan ga barka da Salla da naman layya. Kowace da lokacinta, da wanda ya cancanci ya bayar, da wanda ya cancanci ya karɓa. Masanin nan Bafaranshe, Marcel Mauss, ya nuna a 1925 cewa kyauta a cikin al'ummu tana tafe da nauyi uku: na bayarwa, da na karɓa, da na ramawa. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, zai ga yadda wannan nauyi na ramawa ya kafu tsakanin ƙawaye a wajen biki. Mu ba ma bukatar littafi ya gaya mana haka, don iyayenmu mata har gobe suna riƙe da lissafin abin da wance ta kawo.

Abin lura a nan shi ne, littafi baƙo ne a wannan tsari. Goro da turare da atamfa ba sa magana, shi kuwa littafi yana da baki. In ka ba tsaranka Ahalari, kamar ka ce masa bai iya alwala ba ne. In saurayi ya miƙa wa yarinyar da ba tasa ba littafin soyayya, kafin magariba unguwa ta ɗauka toshi ne. In yaro ya ba yayansa littafin nasiha, ya yi rashin kunya. A al'adarmu littafi yakan gangaro ne daga sama zuwa ƙasa: malami ya ba almajiri, uba ya ba ɗa, makaranta ta ba ɗalibin da ya zo na ɗaya. To ƙuri'ar cikin hula ta rushe wannan tsani, domin ƙanƙanin yaro yana iya ɗauko sunan wadda ta goya shi. Saboda haka mai saye zai shiga kasuwa da tsoron abin kunya fiye da ɗokin burgewa, kuma wannan tsoro shi ne ginshiƙi na farko na hasashena.

A wasu ƙasashe kyautar littafi ta daɗe da zama al'ada. A tsibirin Aisilan, can arewacin Turai, tun 1944 masu ɗab'i suke fitar da kundin sunayen sababbin littattafai gab da Kirsimeti, mutane su zaɓa su ba juna a daren 24 ga Disamba. Al'adar ta samo ƙarfi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kayan waje suka yi wuya amma takarda ba ta yi tsananin ƙaranci ba. Su can mai hasashe yana da kundi da lissafin ciniki a gabansa. Mu a nan sai dai mu bi sawu, kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

Iri uku na farin jini

Kuskuren da ya fi yawa a daren gardamarmu shi ne haɗa abubuwa uku wuri guda: littafin da aka fi karantawa, da wanda aka fi saye, da wanda aka fi bayarwa kyauta.

Wanda aka fi karantawa ba lalle ne a saye shi da yawa ba. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san yadda littafin soyayya guda yake zagaya ɗakunan matan aure da 'yammata, daga wannan zaure zuwa wancan, har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare. Ga masu bayar da haya, ga kuma gidajen rediyo da suke karanta irin waɗannan labarai, inda wadda ba ta taɓa riƙe littafin ba za ta ba ka labarinsa tun daga farko har ƙarshe. Yanzu kuwa kaso mai yawa na wannan karatu ya koma cikin waya, ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, inda marubuta ke sakin labari shafi-shafi. Labarin cikin waya ba ya shiga ƙunshi, don haka komai farin jininsa ba ya cikin lissafinmu.

Wanda aka fi saye kuma sau da yawa manhajar makaranta ce ta sayar da shi. In hukumar jarrabawa ta sa littafi a cikin jerinta, dole uba ya saya ko yaro yana so ko ba ya so. Wannan ciniki ne na tilas, bai kamata mu riƙa kiransa ƙauna ba, ko da yake ta wannan hanya ce da yawanmu muka fara haɗuwa da littattafan da muka zo muka ƙaunata daga baya.

Na ukun, watau wanda aka fi bayarwa, shi ne namu, kuma ya fi sauran wuyar kamawa. Dalili kuwa mai saye ba don kansa yake saye ba. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya kawo wani misali a 1936 wanda ya dace da wannan wuri. Ya ce a ɗauka jarida ta buga hotuna 100, ta ce kowa ya zaɓi fuskoki 6 da suka fi kyau, wanda zaɓinsa ya fi kusa da na yawancin jama'a shi ya ci. Mai wayo a irin wannan gasa zai ajiye son ransa, ya koma lissafin abin da yake zaton sauran mutane za su zaɓa. Mai sayen littafin kyauta haka yake: yana hasashen ran wani. Ni kuma da nake wannan rubutu ina hasashen hasashensa ne, hawa biyu ke nan.

Littattafan da ke cikin takara

Tun a daren muka amince a cire Alƙur'ani mai girma daga lissafi, don ba a sa shi a sahun gasa. Sauran littattafai kowa da abin da ya ga dama.

Rukuni na farko shi ne na 'ya'yan gasar 1933, wadda Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A bayansu sai Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, wanda ya fara fitowa a 1937. Mu Katsinawa muna da wani ɗan alfahari a nan, domin Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuwa har Walin Katsina ya zama. Ana iya haɗa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada a wannan sahu, don su ma makaranta ta raine su.

Rukuni na biyu shi ne na wajen 1980. Gasar Kamfanin NNPC ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. A 1982 kuma gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta kawo Turmin Danya, shi ma na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da wasu. Waɗannan su ne 'yan lelen ɗaliban jami'a, amma samunsu a kasuwa sai an sha yawo.

Rukuni na uku shi ne wanda manazarta suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, wanda ya taso daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta suna buga abinsu da kuɗinsu. A nan ne ake samun Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwan wasu. Na huɗu kuwa ƙananan littattafan addini ne, irin su Hisnul Muslim mai fassarar Hausa, wanda yake shiga aljihu.

Gardamar Ganɗoki

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a daren ya tsaya kai da fata cewa Ganɗoki ne zai ci. Hujjarsa ita ce mu jikokin Ɗanwaire ne, mayaƙin nan na ƙarshen ƙarni na 19 wanda ba a ambaton Ruma sai an ambace shi, har yau kuma Sarkin Ruma ake kiran hakimin Batsari. Ya ce mutanen da suka tashi da labarin doki da mashi ba za su wuce labarin barden Kwantagora da ya kara da Turawa ba.

Hujjar tana da daɗin ji, amma ban yarda da ita ba, kuma a nan ne nake ganin wurin zama yake juya hasashe. Ƙasarmu tana bakin dajin Rugu. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane wajen 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari a dare guda. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni ba a jin muryar na nesa. Kusan babu ɗaya daga cikinmu da bai san gidan da aka yi zaman makoki ko aka haɗa kuɗin fansa ba. Yaƙi a bakin kakanninmu tarihi ne mai kirari, a wurinmu kuwa abu ne da ya hana noma, ya tashi ƙauyuka, ya rufe makarantu. Ina shakkar a sami mutane da yawa da za su naɗe labarin yaƙi su miƙa wa ɗan'uwa a matsayin barka da Salla.

Wannan dalili shi zai kayar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, kuma abin yana ba ni takaici, domin a ganina babu ƙagaggen labarin Hausa da ya kamata ɗan Ruma ya karanta kamarsa. Bature Gagare ya zana Mailoma, wanda ya fito daga yaƙin basasa da sanin makami, ya koma ƙauye ya tara 'yan ta'adda ya kafa mulkin kansa a bayan gari. An buga shi shekaru da dama kafin abin ya iso ƙofar gidajenmu. Haka nan So Aljannar Duniya, labarin Boɗaɗo, 'yar Fulani da ta dage sai ta auri wanda ba Bafulatani ba, yana da abin cewa ga yankin da zumuncin Hausawa da Fulani ya sha rauni. Amma cancanta daban, abin da hannu zai kai gare shi a kasuwa daban.

Na tuna wani abu a watannin da aka katse waya. Wata ƙanwata da ta saba karatu a waya ta rasa abin yi, sai ta buɗe tsohuwar adakar mahaifinmu ta zaro Magana Jari Ce na biyu, ba bango, farkonsa ma ya ɓace. Da dare sai ga yaran gida sun kewaye ta tana karanta musu da fitila. Wannan gida ɗaya ne, ba zan gina hukunci a kansa ba. Abin da ya nuna mini kawai shi ne irin littafin da ake iya karantawa da ƙarfi a tsakar gida, uba yana ji, ba wanda zai sunkuyar da kai.

Kasuwa da lissafi

Saura abubuwa biyu, kuma su ne suka fi nauyi ko da yake ba su da armashi.

Na farko samuwa. Mai saye a Batsari ko Safana ba shi da kantin littattafai mai jeri-jeri. Abin da mai shimfiɗa ya baza ranar kasuwa shi ne zaɓinsa, sai fa in ya sami mai zuwa Katsina ko Dutsin-ma ya ba shi saƙo. Shi kuwa mai shimfiɗa ba ya ɗauko abin da zai kwana a hannunsa: littattafan addini yake kawowa, da na makaranta, da 'yan labaran soyayya. Wanda aka ba saƙo kuma, in bai sami abin da aka ce ba, zai sayo wanda ya sani ne. Ta kowace hanya aka bi, sanannen suna ne yake ƙaruwa. Ga kuma iyakar kuɗin da muka yanke. Yawancin labaran soyayya kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ba wulaƙancin da ya kai a ba mutum na ɗaya a bar shi a rataye. Magana Jari Ce ya tsira daga wannan, don labaransa gajeru ne, kowane juzu'i yana iya tsayawa da ƙafarsa, sai dai ya fi tsada.

Na biyu shi ne yadda ƙuri'u suke warwatsuwa, kuma wannan ne abokan gardamata ba su lura da shi ba. 'Yan'uwanmu mata sun ce labaran soyayya ne za su fi yawa, kuma mai yiwuwa su yi gaskiya in rukuni ake ƙirgawa. Amma tambayarmu a kan littafi guda take. A ɗauka mutum goma sun sayo labarin soyayya: da yake sunayen sun kai ɗaruruwa, kuma kowace da gwanarta, ana iya samun littattafai tara ko goma mabambanta. A ɗauka kuma mutum shida kacal suka sayo na rukunin farko: da yake sunayen da ke cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ba mamaki uku ko huɗu su faɗa kan littafi ɗaya. Ashe ke nan rukunin da ya fi jama'a yana iya shan kaye a hannun wanda ya fi ƙarancin sunaye. In Da So Da Ƙauna ne kaɗai nake ganin zai iya tara ƙuri'u a rukuninsa, domin labarin Sumayya da Muhammad ya wuce zamaninsa, iyaye mata sun san shi, 'ya'yansu ma sun ji sunansa.

Hasashena

Bisa ga waɗannan dalilai, ga abin da na tsayar. Ruwan Bagaja ne zai zo na ɗaya. Siriri ne, kuɗinsa bai kai iyakar da muka sa ba, cikakke ne a juzu'i guda, kuma ana samunsa. Yaro zai iya ba babba, mace za ta iya ba namiji, ba wanda zai karanta wata manufa a ciki. Rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe abin dariya ne, ranar Salla kuwa dariya ake nema. Magana Jari Ce na ɗaya zai bi masa. Na uku Hisnul Muslim, saboda addu'ar tsari kyauta ce da ba mai ƙin ta a ƙasar da ta ga abin da tamu ta gani, kuma ba ta ɗauke da zargin jahilci irin na Ahalari. In Da So Da Ƙauna na huɗu. Ganɗoki kuwa, in ya fito, daga hannun mai gardamar nan zai fito.

Akwai inda wannan gini zai iya rushewa. Mai saye yana iya cewa ai kowa ya karanta Ruwan Bagaja, me zan kai masa abin da ya sani? In mutane da yawa suka yi wannan tunani, sanin da ya ɗaga littafin shi zai kayar da shi, Hisnul Muslim ya haye sama. Na dai tsaya a kan Ruwan Bagaja ne don na lura yawancinmu a makaranta muka karanta shi, da aro ko da karɓa-karɓa, kaɗan ne suka mallaki nasu.

Hatsari na biyu ni ne da kaina. A 1906, a wata kasuwar baje kolin dabbobi a Plymouth ta Ingila, Francis Galton ya tattara takardu 787 na mutanen da suka yi cacar nauyin naman wani sa. Adadin da ya faɗo a tsakiyar hasashensu laba 1,207 ne, nauyin gaskiya kuwa 1,198. Taro ya kusa dacewa, amma sharaɗin shi ne kowa ya rubuta nasa ba tare da ya leƙa na wani ba. In 'yan musayarmu suka karanta wannan maƙala kafin su je kasuwa, wasu za su sayi Ruwan Bagaja don na ambace shi, wasu kuma, na san halinsu, za su guje shi don su kunyata ni. Saboda haka na roƙi editan wannan mujalla ya riƙe kofen 'yan Ruma har bayan Salla. Su kuma na sa kowa ya rubuta littattafai uku da yake zato, an rufe takardun a ambulan, an damƙa wa wani dattijon malamin firamare a Batsari wanda ba ya cikin musayar. Shi zai buɗe su ranar, bayan an gama ƙirga littattafan a gaban kowa.